Baba Rauta da kwamfutocin sabon sito

A kamfanin rarraba magunguna ba wanda yake kiransa da sunan yanka, sai Baba Rauta. Shekara ashirin da uku ya yi a wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala, shi da fanka mai ƙara da akwatunan rauta, injinan da ke haɗa kwamfutocin babban ofis da na sito-sito guda huɗu. Bai da digiri. Da gyaran wayar tebur ya fara, ya koyi sauran a bakin aiki.

Rautocin nan tsofaffi ne, kuma ya san halinsu kamar yunwar cikinsa. Duk bayan daƙiƙa talatin kowace takan sanar da maƙwabciyarta adireshin da ta san hanyarsu. Amma adireshi kawai take aikawa, ba ta haɗawa da mas, lambar da ke nuna inda rukunin kwamfutoci ya fara da inda ya ƙare. Mai karɓa sai ta auna da mas ɗin da ke kanta. Saboda haka ya yanka wa kowane sito rukuni daidai wa daida. Sau shida yana rubuta takarda a canza injinan. Amsa ɗaya yake samu:

"Ba suna aiki ba, Baba?"

Da aka buɗe sito na biyar, sabon manaja ya ba ɗan kwangila aikin. Shi kuwa ya yanka wa siton ƙaramin rukuni mai mas dabam, ya kama gabansa. Rautar can ta ga ma'auni bai zo daidai ba, ta ƙi sanar da kowa. Kwamfuta shida na kunne, amma babban ofis bai ganinsu.

Manaja ya sauko da kansa, yana toshe hanci saboda ƙura.

"Kwana nawa gyaran zai ci?"

"Ranka ya daɗe, in gyara na gaskiya ne, sai an sake lambobin siton duka, ko a sayi sababbin injina."

"Ban da lokacin wannan. Yau nake so."

Akwai ƙofa guda da ta rage. Tsohon tsarin bai ɗaukar ƙaramin rukuni, amma yana yarda ya sanar da adireshin kwamfuta tilo. Baba ya zauna ya shigar da shidan da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar siton ya bayyana. Ya bi manaja har bakin mota yana cewa, "Faci ne fa na yi. Duk kwamfutar da aka ƙara, sai an gaya mini." Manaja ya ɗaga masa hannu ta taga.

Wata biyar bayan haka ciwon suga ya ci ƙafar matarsa. Likita ya ce sai an yanke. 'Yarsu ɗaya tana aure a nesa da tsohon ciki, don haka shi ya yi jinya. Kwana tara yana kan benci a asibiti. Wayarsa ta mutu tun rana ta biyu, bai ma nemi caja ba.

A cikin kwanakin nan aka kai sababbin kwamfutoci uku siton, aka ɗora musu odar asibitoci. Ba odar da ta iso ofis, don ba a shigar da adireshinsu ba. Motar kai kaya ba ta fita ba, manyan masu saye biyu suka koma wani kamfani.

Ran da ya dawo ya tarar an canza makullin ɗakinsa. A ofishin manaja ya yi ƙoƙarin bayani, ya ɗauki biro zai zana.

"Ajiye biron nan, Baba. An ce mini da gangan ka ƙulle aikin yadda ba mai iya shi sai kai."

"Ni? Na faɗa maka a bakin mota. Takarduna shida suna cikin fayil."

"Ban ga wata takarda ba."

A ranar aka sallame shi. Abokan aikin da ya sha gyara wa kwamfutocin gidajensu kyauta, kowa ya sunkuyar da kai a kan teburinsa. Masinja ne kaɗai ya raka shi ƙofa, ya ce, "Allah ya sa hakan ne alheri." Cikin sati biyu aka sayo sababbin injinan da ya yi shekaru yana roƙo.

Ya nemi koyarwa a wata makarantar kwamfuta. Mai makarantar ya saurare shi da ladabi, sannan ya ce, "Wallahi Baba, wannan babin na tsofaffin rautoci an cire shi daga jarrabawa tun tuni." Wurare uku ya ƙara gwadawa, daga nan ya bari.

Yanzu da safe yakan wanke wa matarsa dungulmin ƙafar, ya naɗe, ya turo kekenta bakin taga. Rannan ta daɗe tana kallonsa, ta ce:

"Malam, da ka bar ni a asibitin ka je, da yanzu kana wurin aikinka."

"Kar ki ƙara faɗin haka."

"Ai gaskiya ce."

Ya ɗauki kwanon ruwan ya fita tsakar gida ya zubar, ya tsaya can riƙe da shi, har sai da ta kira shi sau biyu.