Neman Girgizar Gwaggo a Lakar Tafki

Mun tashi daga Kaduna ana sallame sallar asuba, mu uku a mota: ni, da direba, da wani abokin karatuna da yake koyar da ilimin duwatsu. A saman motar mun ɗaure bututun roba guda biyu irin na masu aikin famfo, a jakata kuma akwai ƙaramin madubin ƙara girma da na nannaɗe cikin tsohon rawani. Birnin Gwari muka nufa, mahaifata, wadda na daɗe ban taka ba.

Ga waɗanda ba su san sana'ata ba, laka nake dubawa. Ina aiki a wani ɗakin bincike a ƙasar waje, a bakin teku, inda ƙasa takan yi girgiza har kofin shayi ya yi tafiya a kan tebur. Jirgin ruwa yakan zura dogon bututu ya caki ƙasan teku, ya fito da laka a cikinsa. Mu kuma sai mu tsaga bututun gida biyu kamar rake, mu ga lakar a jere hawa-hawa, ta jiya a sama, ta zamanin kaka da kakanni a ƙasa. Idan aka yi girgiza, gangaren ƙarƙashin ruwa yakan zabtare, sai yashi mai kauri ya kwanta a tsakiyar laka mai laushi. In ka shafa shi a gilashi ka leƙa ta madubi, za ka ga ɓawon ƙananan halittun bakin gaɓa a can cikin zurfi, inda ba su da dalilin zuwa. Da haka muke gane cewa ƙasa ta taɓa motsawa, ko da babu wanda ya rubuta.

Wadda ta jefa ni cikin wannan aiki Gwaggo ce, yayar mahaifina. Wata safiya tana budurwa ta je wanki tafkin ƙauyenmu ita da ƙawarta, sai ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsu. Ruwa ya yi ta tambal-tambal babu iska, ƙoransu suka kife, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Da suka koma gida a guje aka ce jiri ne, wasu suka ce mutanen ɓoye ne. Ƙawar ta rasu tuntuni, ya rage Gwaggo ita kaɗai da labarinta, har jikoki suna tsokanarta da Mai-girgiza. Ni dai tun ina ƙarami na yarda da ita. Bana da aka gaya mini jikinta ya yi rauni, na yi mata alkawari ta waya cewa zan zo in tono mata shaida daga ƙasan tafkin, ta gani da idonta.

Muna wuce Buruku hira ta mutu a motar. Ko da an samu lafawa a hanyar, kowa ya san abin da ta ci a shekarun baya, kuma direba bai daina motsa baki da addu'a ba. Ni kuwa ido na zuba wa daji. Bazara ce, itatuwan doka sun yi sabon toho ja-ja, buhunan gawayi jere a bakin titi. Ramukan da na bari suna nan, sun ma yi 'ya'ya. A wani shinge jami'in tsaro ya ƙwanƙwasa bututunmu ya ce, “Zinare za ku haƙa?” Na ce masa laka. Ya dube ni, ya dubi abokina, ya ɗaga mana hannu cikin tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda karatu ya taɓa.

A Udawa muka tsaya karin kumallo, koko da ƙosai. Kokon yana nan da tsaminsa da yajin kanumfari yadda na san shi. Ƙosan ne ya rame. Kuɗin da a da za ka ci ka yi guzuri, yanzu abin da aka zuba mini iska ma za ta iya ɗauke ledar. Mai ƙosan ta ce in je in tambayi farashin wake da mai tukuna in dawo mu yi magana, na kuwa miƙa mata kuɗinta.

Birnin Gwari ta cika ta batse. Kasuwa ta fito har kan titi, babura kamar ƙudan zuma, kuma fuskoki da yawa na mutanen ƙauyuka ne da suka baro gonakinsu saboda 'yan bindiga. Gwaggo na cikinsu. Ɗaki ɗaya gare ta a gidan ɗanta a Magajin Gari, ita da ta saba da tsakar gidan da sai ka ɗaga murya kafin na ƙarshensa ya ji ka. Na same ta a kan tabarma ta ƙanƙance, amma bakin nan yana nan. Ba ta faɗin sunana domin sunan mahaifinta na ci.

“Babana, ka zo da injin naka?”

“Na zo da shi, Gwaggo.”

“To a yi a gama, kafin 'yan banzan yaran nan su binne ni da sunan mai jiri.”

Ta sa aka yi mana tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, na ci har abokina ya fara yi mini ido.

Washegari da hantsi muka hau babura, da ɗan Gwaggo da 'yan sintiri biyu. Mun bi ta Tsohon Birnin Gwari, inda wata Bafulatana ta dama mana fura da nono tana haɗa Hausa da Fillanci, tana mamakin mutanen da za su shiga daji da bututu babu famfo. Daga nan muka saki babbar hanya. Turbar da nake bi da ƙafa zuwa makaranta ciyawa ta cinye ta, sai dai kaɗanya da ɗorawar da na sani suna tsaye a wurarensu, na yi ta gaishe su a zuciyata ɗaya bayan ɗaya.

Ba zan ɓoye muku ba, da muka shiga ƙauyen na yi hawaye. Katangu sun zube, rumbuna sun zama tsibin ƙasa. Mangwaron ƙofar gidanmu, wanda ba ma barin ɗansa ya nuna saboda jifa, ga shi ya nuna har ya zuba ya ruɓe a ƙasa. 'Yan sintiri suka ce kada mu wuce azahar, sai muka gangara tafki.

Ya fi yadda nake tunawa ƙanƙanta, laka kuma ta cike shi. Dutsen wankin su Gwaggo na nan, ya yi sulɓi saboda dukan tufafi na shekara da shekaru. Muka tuɓe takalma muka kutsa har tsakiya, ruwa iya ƙugu. Na kafa bututu a tsaye, ɗan Gwaggo yana dukansa da guntun icce yana cewa shi dai bai taɓa ganin wanda ya hau jirgin sama don ya zo ya saci taɓo ba. Wajen zarowa ne aka sha dambe. Abokina malamin duwatsu ya ja da ƙarfi, bututu ya taho, shi kuma ya tafi da baya, ya fito da gansakuka a ka da matsattsaku a ƙwauri. Muka toshe bakin bututun biyu, muka ɗaure su a tsaye don kada lakar ta cuɗe, muka kamo hanya da sauran rana.

Da safe a tsakar gida na tsaga bututun farko da zarto, Gwaggo na zaune a kan kujera 'yar tsugunno. Saman lakar ya yi kyau ƙwarai. Ja-ja na damina, baƙi-baƙi na rani, siriri a kan siriri, a jere tamkar wanda nake gani daga ƙasan teku. Har na fara murna. Ƙasa da su akwai wani baƙin layi mai kaurin yatsa. Daga nan kuma zuwa gindin bututu babu jeri ko ɗaya, laka ce cuɗaɗɗiya kamar an tuƙa ta da muciya. Na tsaga na biyu, haka yake.

Ina tsugune da zarto a hannu abin ya faɗo mini. Yashe! Duk bazara, in ruwa ya ja baya, ƙauyenmu kan yi gayyar yashe tafki. Mai ganga yana kiɗa, maza suna sara da fartanya har tsakiya, mata da yara suna kwasa a kwanduna. Lakar ita ake yaɓe rumbuna da ita, a gyara katangu, masu ginin tukwane su zaɓi mai danƙo. Mu yara muna wawar tarwaɗa, a dawo gida ba a gane ɗan kowa sai an wanke shi. Ni kaina na yi dakon lakar nan har tsakiyar kaina ta yi sanƙo. Na tafi can na saba da teku, inda babu mai taɓa laka, na zo da lissafin teku tafkin da kowace shekara sai an juye cikinsa.

Na ajiye zarton. Na ce, “Gwaggo, shekarar girgizarki ba ta nan. Yashe ya kwashe ta.”

Ta fashe da dariya har da tari. “Ashe ni da kaina na ɗauke shaidata a ka, na kai na yaɓa wa rumbun Baba!”

Ta yi dariya, amma na ga yadda ta sunkuyar da kai bayan nan. Don kada a tashi haka, na shafa cuɗaɗɗiyar lakar a gilashi, na ɗora wayata a bakin madubin yadda za ta gani da girma. Ta matso da idonta mai ɗan gani. Ga ƙaiƙayin dawa, ga burbushin gawayi, ga ƙayar kifi, ga jan ɓarɓashin tukunya. Sai ga wani siririn zare mai launin shuni ya ratsa gilashin. Gwaggo ta kai yatsa kan wayar. Ta ce irin zanen da suke wankewa ke nan a kan dutse, ta shiga lissafa matan da suke wanki tare, wadda ta iya waƙa, wadda ba ta taɓa zuwa da sabulunta ba. Jikokin da ke tsokanarta duk suka matso suna leƙen wayar.

Baƙin layin ban so nuna mata ba, ita ta matsa. Toka ce da ƙonannen hatsi. Ba ta tambaye ni shekarar ba, ni ma ban faɗa ba, domin kowa a gidan ya san ranar da aka cinna wa rumbuna wuta aka watse.

“Wannan mai kyan na sama fa?” in ji ta.

Na shafa mata. Ƙurar furen ciyawa ce da ruɓaɓɓen ganye, sai laka zalla. Babu gawayi, babu ƙaiƙayi, babu zare. Na ce mata ya jeru ne saboda tun da aka tashi babu wanda ya sake taɓa tafkin.

“Irinsa kuke so a wurin aikinku?”

“Irinsa muke nema, Gwaggo.”

“To Allah ya sa in ka dawo baɗi ka tarar an ɓata maka shi.”

Duk tsakar gidan aka amsa da amin, har da abokina. Ta sa na ɗebar mata cuɗaɗɗiyar a gwangwanin madara, ta shinshina, ta ce ƙanshin gida. Da zan yi mata sallama na ce har gobe na yarda ƙasa ta motsa a ranar. Ta ce ta sani, in ba wanda ya yarda ba wa zai shiga ruwan matsattsaku saboda tsohuwa.

Mun iso Kaduna da la'asar, lafiya lau, da rabin bututu biyu a bayan mota da ƙwaurin abokina a kumbure. Alkawarin da na ɗauka ban cika shi ba, kuma ban san ko Gwaggo za ta jira wani ba. Abin da na koyo shi ne, lakar da na shafe shekaru ina yabon tsarinta ta tsaru ne don babu kowa a wurin. Tamu ta ƙi karantuwa saboda ƙafafu da kwanduna da gayya, kuma ban taɓa kewar hargitsi irin na yau ba. Ɗan Gwaggo ya ce in lafawar nan ta ɗore, akwai masu maganar komawa su yashe tafkin kafin ruwa ya sauka. Na ce ya kira ni ko ina tsakiyar teku, kuma ya ajiye mini kwando.