Ɗan'iya da Kaskar Fari

Rigimar da aka fi tuna Ɗan'iya da ita a kasuwar Kebbe, kaye ya sha, kuma a hannun mai tallar nono. Ni taubashiyarsa ce, ina wurin, na fi kowa dariya.

Shekarar da aka samu 'yancin kai ya samu shanun noma biyu da garma. Manomi ne ɗan manomi daga Fakku, duk zuriyarmu ba wanda ya taɓa riƙe igiyar sa. Ya sa musu suna Fari da Ja, ya kawo su kasuwa don a gani. Kulu, Bafulatana mai nono, ta dube su ta ce, "Baba, kana cire musu kaska kuwa?"

"Waɗanga shanun gwamnati na, an yi musu allura. Kaska ta shanunku ta."

Kulu ta sauke ƙwaryarta, ta sa hannu ƙarƙashin wutsiyar Ja, ta ciro kaska ƙosasshiya ta aje masa a tafin hannu. "Ga ɗaya ba ta ji sanarwa ba." Ya ja shanunsa ya tafi.

Abin da masu dariya ba su sani ba, Ɗan'iya ba shi da ɗa namiji, bayansa kuma ya fara ƙin fartanya. Shanun nan su ne hatsin gidansa.

Da damina ta zauna, kirci ya kama Ja. Fata ta yi ɓawo, gashi ya dunƙule, sa ya rame. Malamin dabbobi ya zo daga Tambuwal a kan keke, ya yi masa allura kwana biyar a jere, ɓawon ya zube. Da zai tafi ya ce allura tana kashe ciwon da ke jiki ne, ba ta hana wani shiga, in kaska ta dawo kirci zai biyo ta. Taubashina ya ji rabin farko. Kunnensa dama haka yake, ko wa'azi rabinsa yake kaiwa gida.

Damina ta biyu ciwon ya dawo, aka sake allura, Ja ya sake tashi. Kafin kaka, kircin ya dawo karo na uku, rafi ya cika, keke bai iya ƙetarowa ba. Maƙwabta suka ce a yanka, Ɗan'iya ya ce malamin na tafe. Ja ya mutu mushe, ko fatarsa ba ta moru ba. Muka ja shi bayan rafi. Ranar ban tsokane shi ba.

Sai ga ɓawo a gadon bayan Fari.

Ɗan'iya ya tafi Tambuwal a ƙasa ya zo da malamin. Bayan allura ta biyar, ya nufi rugar su Kulu, ya tsuguna gaban matar da ta kunyata shi, ya ce ta koya masa. Ta nuna masa inda kaska take ɓuya, tsakanin cinyoyi da gindin wutsiya da cikin kunne, da yadda ake cire ta kai bai tsinke a fata ba. Daga ranar, kowace safiya bayan salla za ka same shi ƙarƙashin Fari, da tsingaro mai garwashi a gefe yana jefa kaskar da ya cire a ciki. Garma ba ta tafiya da sa ɗaya, sai ya riƙa haɗa Fari da san wani maƙwabci suna noman gonakin juna. Fari ya yi damina tara, kirci bai sake taɓa shi ba.

Wata rana a gidan suna, Malami, ɗan ƙanensa da ya yi sababbin shanu, ya ce da shi gaban mutane, "Baba, zamani ya wuce wanga aiki. Dattijo kamarka kullum kai ƙarƙashin wutsiyar sa? Allura tana nan, sa ya kamu a yi mai, shi warke."

Wasu suka goyi bayan yaro, murya ta fara tashi. Ɗan'iya ya bari sai da suka gaji.

"Gaskiyarka, ɗana, tana warkarwa. Ja ma sau biyu ta warkar da shi. Ƙashinai na nan bayan rafi, tafi ka gaishe shi."