Ranar da Yaya ya rasu

Ina cikin duba takardun jarrabawa a makarantar da nake koyarwa a Daura aka kira ni, aka ce Yaya ya rasu, jana'iza bayan Azahar. Na ce Allah ya jiƙansa. Na ƙarasa takardar da ke hannuna, har na sa mata maki.

Shekara shida ba ma magana. Ina karatu a Kano ya sayar da gonar da Baba ya bar mana mu biyu, ko shawartata bai yi ba. Da ciwo ya kwantar da shi ya aiko sau biyu in zo. Na ce aiki ya yi mini yawa.

Malamin lissafinmu ne ya ce in hau babur ɗinsa ya kai ni ƙauyenmu, can gaba da Baure. Kirista ne, mai surutun tsiya, har muna zolayarsa cewa fasto ne ya ɓata hanya ya faɗo aji. Ya san zancen gonar. Mun wuce Zango ya kasa haƙuri.

"Malam, annabin nan da 'yan'uwansa suka jefa rijiya, mu ma muna da labarinsa. A wurinmu alama ce ta Almasihu tun kafin zuwansa. Ɗan lelen uba ne, nasa suka sayar da shi, aka ɗauka ya mutu, sai ga shi da rai, mulki a hannunsa. Waɗanda suka cuce shi su ya ciyar, ya kuma yafe musu. Haka muka gaskata Almasihu ya yi."

Na ce, "Shi ai da ransu ya same su."

Ya mai da hankalinsa kan tuƙi. Ni ma ba don in ɓata masa rai na faɗa ba. Ba na jin haushi, ba na jin baƙin ciki, geron mutane kawai nake kallo a gefen hanya.

Da muka isa ya tsaya daga gefe, mu muka yi sahu. Kafin a tayar da salla liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa. Jama'a suka amsa, "Mun yafe." Bakina ya motsa tare da nasu. Na kama makara, na zuba ƙasa, duk abin da ake yi na yi.

Bayan mun dawo daga maƙabarta matar Yaya ta aiko a kira ni. Ta tsaya daga bayan ƙyauren zaure, muryarta ta dishe.

"Malam, ya ce idan ka zo in tambaye ka da bakina, ba a cikin taro ba. Ka yafe masa?"

Na ce, "Tun tuni."

Ta fashe da kuka tana hamdala, tana cewa yanzu kam zai kwanta lafiya. Na tsaya ina jira in ji ko gaskiya na faɗa mata. Abin da na ji kawai yunwa ce, don tun safe ban karya ba.