Glenda, Mai Tsokanar Tsofaffi Su Yi Magana

Kafin a buɗe ɗakin karatu na unguwarmu a Sheffield ta Ingila, Glenda Staniforth ta riga ta ɗora butar shayi, ta jera kujeru. Aikin da ake biyanta shi ne jera littattafai. Amma duk Laraba takan tara tsofaffin maƙeran wuƙa, ta jefa musu wata tsohuwar kalmar kan titi ta Turancin garin, ta koma gefe su yi ta musu. A watan nan za ta ajiye aiki, kuma wallahi abin yana damuna.

Ku tambayi Denise Ibbotson. Tun da mahaifiyarta Edna ta rasu, mahaifinta Horace ya kulle baki, abinci ma sai an yi da gaske. Har likita ya fara zancen kai shi gidan tsofaffi. Da dabara ta ƙare wa Denise, sai ta kawo shi wata Laraba.

Glenda ba ta lallashe shi ba. Ta dubi jama'a ta ce, "Yau kalma biyu ce, nesh da mardy. Ni dai a ganina duk kanwar ja ce, mai ƙorafi ake nufi."

Ƙarya take, kuma ta sani! Ita ce ta koya mana cewa nesh tsohuwa ce tukuf, asalinta "mai laushi", shi ya sa ake faɗa wa mai saurin jin sanyi. Mardy kuwa ta baya-bayan nan ce, daga sangarta yaro ta samo tushe, ana faɗa wa mai kumbure-kumbure. Amma ta san mutanenta. Ɗan Sheffield zai haɗiye baƙin ciki, ba zai haɗiye kuskuren wani ba. Ta riga ta haɗa baki da sauran tsofaffin, kowa sai gyaɗa kai yake.

"Shirme!" in ji Horace. "Ke yarinya, a ina aka haife ki?"

"Bayan masana'anta, Mista Ibbotson, kamar kai."

"To kin ji kunya. Nesh jiki ne, mardy hali ne. Edna ta tsufa tana ce min nesh, don ko lokacin zafi da safa nake kwana. Ko sau ɗaya ba ta ce min mardy ba." Ya dubi 'yarsa. "Da ta ga yadda nake miki kwanan nan, da ta faɗa."

Ya miƙa hannu ya ɗauki biskit. Denise ta fita waje ta sha kukanta.

Glenda, ke ce kika yarda a ce ba ki sani ba, don wani ya tuna yana da abin cewa. Mun gode, uwar Laraba. Ku kuma masu tsoho a gida, ku daina yi masa shiru don tausayi, ku ba shi abin musu. Horace dai yana gidansa har yau, kuma duk wanda ya gamu da shi sai ya ji yadda ya gyara wa ma'aikaciyar ɗakin karatu kuskure.