Na Raina Na'urar Gwaji, Na Koyi Tiyata a Cikin Hajiya

Edita, shekarun baya ni ƙaramin likita ne mai koyon tiyata a wani asibiti a Kaduna, kuma wallahi ina ji da kaina. Mahaifina tela ne a Kurmin Mashi, tun ina firamare nake riƙe allura, saboda haka ɗinkina a ɗakin tiyata har manya na yabawa. Sai aka kawo mana na'urar koyon tiyatar zamani, wadda ba a farke ciki, sai dai a huda ƙananan ƙofofi a zura kamara da dogayen almakasai, likita yana kallon allo. Za ka sa wani tabarau mai rufe ido, ka ga cikin mutum na ƙarya, ka yi aiki, na'urar ta ba ka maki. Ranar farko ta kayar da ni warwas. Ni ɗan tela! Na ce wannan wasan yara ne, na lallaɓa wani abokin aikina ya riƙa cika min sa'o'in gwajin da sunana.

Ana haka aka kawo aminiyar mahaifiyata daga Malali, wadda muke ce wa Hajiya duk da ba ta taɓa zuwa Makka ba. Tsakuwa ce a matsarmamarta, ga shi saura mako huɗu jirginsu na aikin hajji ya tashi. Na bugi ƙirji na ce mata huda huɗu ne kawai, kwana biyu ta koma gida. Babban likitanmu ya duba makin da ke ƙarƙashin sunana, ya ce in fara aikin, yana tsaye a gefena.

Abin da ban koya ba shi ne, a wannan aiki in ka kai hannu dama, bakin almakashi hagu yake tafiya. Hannun nawa da nake taƙama da shi ya bi tsohon sabonsa, na yanki jijiya, allon ya rine ja. Oga ya ture ni, ya farke cikin, ya tsayar da jinin. Hajiya ta rayu, alhamdu lillahi, amma jirgi ya tashi tana kwance da ɗinki mai tsawon taƙi.

Na faɗa wa Oga gaskiya. Ya cire ni daga ɗakin tiyata wata shida, ya ce in koma wa tabarau. Na koma, na faɗi, na sake, har hannuna ya saba. Yau na yi irin wannan aiki ban san adadi ba, kuma duk wanda nake koyarwa, a gabana yake cin gwajinsa.

Ina jan kunnen matasan likitoci da duk mai koyon sana'ar da ta shafi ran mutane: baiwa ba ta isa ba, ku je ku yi kuskurenku inda ba jini. Hajiya ta sauke farali a shekara ta gaba, ta kuma yafe min. Amma ranar da na durƙusa na ba ta labarin komai, sai ta kira ni ɗanta, ta tambaye ni ko mutumin cikin tabaraun yana jin zafi in an yanke shi ba daidai ba. Na ce a'a. Ta ce to me ya sa na bar shi na zaɓi cikinta.