Mai Farar Mota a Rumfar Caji

Ga shi tsaye a rumfar cajin waya ta kasuwar Rogo, shadda sai ƙyalli take, tumbi ya riga shi shiga inuwa. Bahauddeen, da ke zaman jiran tasa wayar, yana ƙare masa kallo. Motar mutumin ta lantarki ce, fara sol, batirinta ya kusa ƙarewa. Daga gani ya baro Kano bai tambayi kowa inda zai yi caji a hanya ba.

Ko sallama babu. Ya sa hannu mai zobba ya zazzare wayoyin mutane, ya jona motarsa. Har da wayar Iya Barira, tsohuwar da ta zo tun daga Gwangwan don ta kira asibiti.

"Alhaji, 'yata ce ke naƙuda a asibiti," in ji ta.

"Ni ma sauri nake, Falgore za ni."

Motar ta fi ƙarfin janaretan rumfar, ya yi tari, ya mutu. Alhaji yana tsaki yana zagin ƙauye, Iya kuwa tana ta danna wayar da ba ta kawo wuta.

"Ranka ya daɗe," in ji Bahauddeen, "tunda ka kashe mana inji, sai ka faɗa wa Iya: mace aka samu ko namiji?"