Makunni Mai Ɗigo Uku

A tashar Sabon Birni in ka ce Lawwali, sai a tambaye ka wanne, don sun kai biyar. Amma ka ce Lawwali Masaƙi, mai shayi ko kai ba zai ɗaga ba zai nuna maka shi da cokali. Dogo ne, baƙi, fuska cike da tsagen Gobirawa, kullum yana jingine da wata tsohuwar Korola ruwan toka. A ƙofar direbanta akwai huda huɗu da ya hana kowane mai walda ya taɓa.

Shi dai bai taɓa saƙa ko ɗan zugu ba. Ubansa ne masaƙi a Kamarawa, direbobi kuma suka laƙaba masa sunan don su ci masa fuska. Ya sha haushin abin shekara da shekaru, har ranar da ya ɗauko wani malamin makaranta zuwa Isa. A hanya malamin ya gaya masa cewa su Toyota ɗin nan, masu ƙera motar da yake tuƙi, da injin saƙa suka faro can Japan kafin su ƙera ko ƙafar mota ɗaya. Wayyo, ranar tasha ba ta huta ba! Duk wanda ya sake ce masa ɗan masaƙi sai ya daki bodin motarsa ya ce, "To kai ma abincin masaƙa kaka ci, ɗan banza." Daga nan ya rungumi sunan, ya kuma rungumi Korola kamar 'yar gidansu.

Ba a raba shi da zancenta. Zai gaya maka tun kafin a haife shi ake ƙera ta, zai lissafa maka mai ƙaramar fitila da mai babba, da wadda ta fi jure rairayi. Masu ita mutum biyar suka yi mata, mu kuwa nan sai mun zuba mata bakwai, biyu gaba, huɗu baya, ga direba ya karkace, a cika but da albasa, a ɗaure akuya a sama, ta kuma tafi ba ta ce uffan ba. Lawwali kan ce da motar tana da baki, da tuni ta kai mu ƙara wurin alkali.

Ita wannan ruwan tokar ba tasa ba ce tun farko. Ta ƙanensa ce, Usaini, wanda shi ya koya wa tuƙi. Usaini ya yi noman albasa rani uku ya haɗa da gadon gonarsa, aka shigo masa da ita ta Nijar, ta sha hannu amma injinta lafiya lau. Lawwali a lokacin motar wani yake ja, bai kuma ji ƙyashi ba ko kaɗan. In Usaini ya shigo tasha yana kaɗa makulli, Lawwali har wani kumbura yake yi.

Direbobin wannan hanya suna da al'adu biyu, kuma sai ka san su za ka gane abin da ya faru. Ta farko, da yake rabin motocin tashar iri ɗaya ne, kayan wannan na shiga jikin waccan, kowa yana da shaidar da yake yi wa kayan motarsa don kada su sauya a gareji. Wani ya karta da ƙusa, wani ya ɗiga fenti. Ta biyu ta zo ne da lalacewar hanya, tun da 'yan bindiga suka fara tare ta. Duk direban da ya hango an tare gaba ya juyo, wajibi ne ya ƙifta wa duk motar da ya gamu da ita fitila sau uku. Ko uwarka mutum ya zaga da safe, sai ka ƙifta masa. Ba a rubuce take ba, amma ita ke riƙe da ran kowa.

Damina huɗu ke nan da suka wuce, ranar kasuwa da hantsi, Usaini ya yi cacar baki da wani direba, Ɗanmusa, abokinsa ne ma. Wani ɗan kasuwa ne ya ƙi motar Ɗanmusa da ke kan layi, ya ce shi ta Usaini zai jira. Ɗanmusa ya ce Usaini ne ya zuga shi, aka yi ka-ce-na-ce, ya cika ya fita a fusace. Bayan ɗan lokaci Usaini ya cika ya bi bayansa. Ɗanmusa ya hango an tare hanya ya juyo, ya dawo da fasinjansa duka, ko ƙwarzane babu. Usaini kuwa a bayan a-kori-kura aka kawo gawarsa, shi da fasinja biyu, sauran sun tsira ta cikin gero.

A zauren ta'aziyya, gaban liman da dattawa, Ɗanmusa ya share hawaye ya ce, "Wallahi tallahi na ƙihta mashi har sau ukku. Hushi yaka yi da ni, yak kau da kai yaw wuce." Fasinjansa duk sun dunƙule ƙasa a lokacin, ba wanda ya ga komai. Na Usaini da suka tsira kuwa ba su ma san a wace duniya suke ba. Shi ke nan magana ta zauna: Usaini ya yi taurin kai, ya kai bayin Allah ga mutuwa saboda fushi.

Wannan ita ce ta ci Lawwali, fiye da mutuwar kanta. Mutuwa ta Allah ce, amma a ce ƙanensa ya kashe mutane? Dangin mamatan suka daina amsa masa sallama. Sa'adiya, matar Usaini, ta daina zuwa biki da suna, don da ta shiga sai mata su yi tsit. Lawwali ya san ƙanensa, ya san wanda ya koya wa tuƙi ba zai ga fitila uku ya wuce ba. Sai dai sani daban, hujja daban, ga shi mutum ya rantse da Allah.

Ya sa aka jawo motar daga kwarin da ta faɗa, ya ajiye ta a ƙofar gida. Mutane suka ce ya sayar wa 'yan gwangwan ya huta, ya ce ko ƙusa ɗaya ba ya sayarwa. Da yamma in ya taso aiki sai ya zauna ya kwance nan ya ɗaura can, yau ya samo gilashi, wani watan ya samo lagireto daga Maraɗi. A shekara ta biyu ya kai ga sitiyari. Ya cire murfin, ya zaro makunnin fitila, ɗan hannun nan da ake ja a ƙifta, ya juya shi don ya goge ƙura. Sai ga ɗigo uku na koren fenti a gindinsa.

Shaidar Usaini kuros ce, layi biyu a gicciye da ƙusa. Ɗigo uku kore kuwa, kowa a tasha ya san na wane ne.

Ya sa shi a aljihu ya nufi garejin Muntaka, bakaniken da ke duba yawancin motocin tashar. Ya ajiye masa a kan benci. Muntaka ya duba, ya sake dubawa, sai gumi ya karyo masa.

"Yaya Lawwali, ka yi mani rai," in ji shi. "Na Usaini ya ƙone ana gobe abin zai faru, ga shi yana son fita da asuba washegarin kasuwa. Ɗanmusa yac cire nashi yab ba shi aro, tunda shi da rana yaka aiki. Bayan sadakar ukku yaz zo mani da sitiyari tsirara, yac ce in sa mashi wani, in kuma kama bakina. Ina da ɗiya shidda, tsoro naj ji."

Wato ranar da Ɗanmusa ya rantse ya ƙifta sau uku, abin ƙiftawar ma yana jikin motar wanda ya mutu. Ko hannu bai iya fitarwa ta taga ba, don an ɗauke masa fasinja ɗaya!

Wani ne da a ranar zai ɗauki adda. Lawwali ya ce a'a, adda ta yi wa Ɗanmusa sauƙi. Ya naɗe makunnin a tsumma ya jefa ƙasan akwati, ya ce wa Muntaka, "Ka ci gaba da kama bakin naka. Ran da za ni buƙace shi, za ni zo." Ko Sa'adiya bai gaya wa ba, kuma wannan zalunci ne, ni dai ban wanke shi ba. Ya bar baiwar Allah cikin ƙunci shekara biyu cur don kawai yana jiran ranar da faɗuwar za ta fi zafi. Ya gama gyaran motar, ya bar ta mai gidansa da yake ja, ya shigo da ruwan tokar layi da hudojinta na harsashi. Kullum sai ya gaida Ɗanmusa har da tambayar iyali.

Ɗanmusa ya yi ta hawa. Ya ƙara mota ta biyu, ya yi tumbi, ya zama shi ke yi wa sababbin direbobi wa'azin fitila uku, kai ka ji rashin kunya. Da shugaban tasha ya tsufa ya ce zai sauka, sai aka ce ai babu wanda ya dace sai Ɗanmusa.

Ranar da aka taru a rumfar tasha don a tabbatar da shi, ya sha farar shadda, an kawo goro da lemo. Tsohon shugaba ya tambaya ko akwai mai magana, irin tambayar da ba a jiran amsarta. Lawwali ya miƙe, ya taka har gaban tabarma, ya kwance tsumma.

"Alhaji Ɗanmusa, ga kayanka na kawo maka. Aro na, an daɗe ba a maido ba."

Aka miƙa makunnin hannu zuwa hannu, kowa ya ga ɗigon ya dubi na kusa da shi. Lawwali ya faɗi inda ya same shi. Muntaka ya tashi ya faɗi nasa. Ɗanmusa ya ce ƙarya ne, ya ce sharri ne, ya ce tsohon aro ne. Tsohon shugaba ya sa aka ɗauko Alƙur'ani daga masallacin tasha, ya ce to ya yi alwala ya dafa. Nan fa ya kasa. Ya zauna daɓas, hula ta faɗi, ya ce, "Shaiɗan na. Na ce bari shi ɗan ji tsoro kaɗai. Ban san za su buɗe wuta ba."

Rumfa ta kaure. Masu cewa a kore shi, masu cewa a kai shi ga hukuma, wasu har sun fara naɗe hannun riga. Lawwali ya ɗaga hannu.

"Kada wanda yat taɓa shi. Kada kuma a cire shi daga layi. Ni ad da jini, kuma abin da nika so ke nan."

Mutane suka ɗauka yafiya ce, har wani ya ce Allah ya yi masa albarka. Ba su san Lawwali ba.

Kafin la'asar labari ya gama gari, ya kai Isa, ya kai gidajen mamatan nan biyu. Ranar kasuwa ta zagayo, layi ya faɗo kan Ɗanmusa, motar Lawwali na bayansa. Dokar tasha kuwa, ta baya ba ta lodi sai ta gaba ta cika. Ɗanmusa ya buɗe ƙofofi huɗu da but, kamasho ya yi ta kiran Isa har muryarsa ta dushe. Fasinja su zo da kayansu, su leƙa su ga mai motar, su ja da baya su tsaya a rana. Wata tsohuwa ta ce ita gara ta taka da ƙafa.

Hantsi ya yi, azahar ta yi. Direbobi suka fara ƙorafi, suka ce a tsallake shi kowa ya samu na cefane. Lawwali, da ya fi kowa asara tunda shi ke biye, ya ce sam, doka doka ce, ba a tsallake mai layi. Ya hau kan bonet ya harɗe, ya sayi rake yana sha yana kallo. Can sai ga Sa'adiya, wadda rabonta da kasuwa shekara huɗu, ta zo da mayafinta ta tsaya bakin ƙofar tasha. Ba ta sunkuyar da kai ba.

Da la'asar Ɗanmusa ya tako wurinsa, leɓe ya bushe, ido ya faɗa.

"Lawwali, don girman Allah ka bar ni haka. Ka yi lodi."

Lawwali ya tofar da ɓawon rake. "Ni ban tsai da kai ba, Alhaji. Layinka na. Ka cika ka tahi."

Ɗanmusa ya koma ya rufe but, ya bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya ya rufe da hannunsa, ya tada mota. Hanyar fita ɗaya ce, kuma sai da ya ratsa ta tsakiyar mutanen da suka wuni a rana don kada su shiga motarsa, ya wuce ta gaban Sa'adiya, kujeru shida babu kowa. Bai sake shigowa tashar ba.

Lawwali ya sauko ya buɗe ƙofofin ruwan tokar, nan da nan mutane suka yi mata caa. Wani dattijo ya riga kowa zama gaba, ya ɗora jakarsa a cinya. Sai da Lawwali ya zauna ya dube shi sosai ya gane shi: uban ɗaya daga fasinjan da suka mutu tare da Usaini ne, wanda shekara huɗu bai amsa masa sallama ba.

"Mu tahi, ɗana," in ji dattijon. "Allah shi jiƙan ƙanenka."

Lawwali ya sa makulli, amma bai murɗa ba. Ya kifa kai a kan sitiyari, fasinja shida suka zauna shiru suna jiran ya gama kuka.